Agogon Ɓera

Mijin yayata farfesa ne, kuma ba ya bari kowa ya manta. A gabansa Farfesa nake ce masa kamar kowa, a bayan idonsa kuwa Shehin Ɓeraye. Ni na raɗa masa sunan, ban kuma taɓa yin nadama ba. Gini ɗaya muke aiki. Shi yana hawa na sama, ofis mai labule da kujera mai juyi. Ni likitar dabbobi ce, ina can ƙasa wurin ɓerayensa, inda warin garin katako da fitsari ke bin rigar mutum har gida.

Binciken da ya sa yake hura hanci ba shi da wuyar fahimta, shi ne dai yake son a ɗauka yana da wuya. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙulli. Idan mai rai ya shiga tsaka mai wuya, ko tsoro, ko zazzaɓi, ko wuƙar likita, wannan ƙullin ke sakin wani sinadari cikin jini, ya riƙe bugun jini kada ya faɗi, ya tallafi jiki har wuyar ta wuce. A gininmu ɗan agaji muke ce masa. Farfesa yana son sanin abin da ke samun ɗan agaji idan dabba ta daɗe a kan mofin, maganin nan mai kashe zafin ciwo. Sai a dasa wa fararen ɓeraye wani ɗan famfo a ƙarƙashin fatar baya, yana ɗiga musu maganin wata da watanni. Wasu kuma a bar su haka nan don a kwatanta.

Waɗanda ba a ba su magani ba, idan ka cusa ɗaya cikin matsattsen bututu don ka tayar masa da hankali, zai yi ta tsuwa yana cizo, jininsa ya cika da ɗan agaji. Masu maganin kuwa sai su kwanta kamar tsumma, ka ɗebi jininsu ka tarar kusan fayau. Farfesa ya sa musu suna masu haƙuri. Da su yake ɗaukar hoto idan baƙi sun zo, domin ba sa cizo. Sauran ko da safar hannu ba ya yarda ya taɓa su.

Akwai wani darasi da yake nanata wa ɗalibansa har sun haddace shi suna kwaikwayonsa a bayan gini. Ɓera da dare yake kiwo, faɗuwar rana ita ce asubarsa, kuma a lokacin ne ɗan agajinsa yake ƙololuwa. Saboda haka da yamma liƙis muke yankar ƙarshen wutsiya mu ɗebi jini. Yakan ɗaga yatsa ya ce duk wanda ya ɗebi jini da safe ruwa ya ɗebo. A nan dai gaskiyarsa ce, ko Shehin Ɓeraye yakan dace wani lokaci.

Yanzu bari in zo kan Yaya, domin don ita nake ba da wannan labarin, ba don shi ba.

Yaya malamar lissafi ce, kuma a da wuta ce. Ina ƙarama na ga ta tsayar da motar haya a tsakiyar titi saboda kwandasta ya zagi wata tsohuwa, ta ƙi sauka ta kuma ƙi bari a tafi sai da ya durƙusa. Ko Baba, Allah ya ji ƙansa, sai ya duba fuskarta kafin ya faɗi wata magana. Sai aka yi haɗarin mota, ƙashin ƙugunta ya karye, ya ɗoru a karkace. Ciwo ya zaunar da ita. Wani abokin Farfesa, likita ne da suke buga ƙwallon tebur tare, ya rubuta mata ƙwayoyi dangin mofin. Idan sun ƙare Farfesa ya karɓo wasu a wurin wasa, ba tare da likitan ya ko ga fuskarta ba. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

A hankali Yaya ta lafa. Ta bar koyarwa. Ta rame, abinci ba ya mata daɗi, idan ta miƙe sai ta dafa bango tukuna duhun idonta ya washe. Ka taka ta, ta ce ba komai. Dangi suka ce girma ne ya zo. Mama ta ce ai zama da mai ilimi ne ya gyara ta, tana ta sa wa surukinta albarka. Shi kuwa gogan naka, a duk taron biki sai ya gyara zama ya ce bai taɓa ganin mace mai haƙurin matarsa ba, da irin muryar da yake nuna wa baƙi kejin ɓerayensa. Haushi yakan cika ni, amma haushin murya kawai nake ji, ban haɗa komai da komai ba.

Abin ya fashe ne saboda fenti. Masu tallafa wa binciken za su kawo ziyara, sai Farfesa ya ga bangon ɗakin dabbobi bai dace da darajarsa ba. Ya ce a kwashe kejuna a kai ɗakin ajiya a shafe bangon. Na ce masa dabbobin gwaji ba kujeru ba ne da za a ja su nan a ja su can, ya ce in bar masa tunani ni in riƙe tsintsiya. Aka loda su a kan wata kura mai ƙafa ɗaya da ke kuka, aka bi da su doguwar baranda ana girgiza su, aka jibge a ɗakin da na'urar sanyi ke busawa kamar ta yi hauka, ga mai gyara yana huda bango a maƙwabta.

Washegari da safe na buɗe ƙofa. Marasa magani sun yayyaga shimfiɗarsu, ɗaya ya ciji ɗan'uwansa a kunne, suna zare ido, amma duk suna raye. Masu haƙuri kuwa da yawansu sun sandare a inda aka ajiye su, shimfiɗarsu ko motsawa ba ta yi ba. Ba su yi tsuwa ba, ba su yi cizo ba, mutuwa kawai suka yi. Na feɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ƙullin saman ƙodar ya motse ya ƙanƙance, sai da na sa tabarau na nemo shi.

Farfesa ya sauko da hanci a toshe da hankici. Na zaci zai ji kunya. Ina! Idonsa har wani ƙyalli yake. Ya ce wannan kyauta ce daga sama, abin da ya daɗe yana hasashe ke nan, kuma dama ya so ya gwada su da ƙaura. Wai dama ya so! Mutumin da jiya damuwarsa launin bango.

A ƙarshen mako muka haɗu cin abincin rana a gidansu, ni da Mama, domin a makon da ke tafe za a yi wa Yaya aikin sauya ƙashin ƙugu. Shi ya zaɓi ranar. Ya lissafa ta yadda za a yi aikin, a miƙa wa Mama jinya, shi kuma ya hau jirgi zuwa wani babban taro a ƙasar waje inda zai yi jawabi. Tun kafin a zuba abinci ya buɗe mana aji. Ya ce jikin da ya daɗe a kan maganin yakan manta yadda ake tayar da hankali, ɗan agaji ya yi barci, ƙullin ya motse don ba a aikensa. Daga waje sai ka ga dabba a natse ka ce lafiya lau, alhali ba ta da abin tarar wuya. Ɗan sanyi, 'yar girgiza, sai ta faɗi. Yana faɗa yana dukan tebur da cokali don jin daɗin kansa.

Yana cikin haka Yaya ta miƙa hannu za ta zuba masa ruwa. Tulun gilashin bai fi rabi ba, amma ta kasa ɗaga shi, hannunta yana rawa. Ta sake shi ta ce bari ta ɗauko ƙaramin kofi. Ta miƙe, ta kama ƙyauren ƙofa, ta tsaya ido a rufe tana jiran jiri ya sake ta. Shi ko juyowa bai yi ba, ya tura mata kofinsa gefe yana ci gaba da bayanin alamomin da ya gano.

Na dubi wuyan hannunta, na tuna abin da na feɗe, na tuna wuƙar da ke jiranta. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na katse shi na ce a auna jinin Yaya kafin a shiga da ita ɗakin tiyata.

Ya yi dariya har da goge ido. "Auta ke nan. Mutum fa ba ɓera ba ne."

Ka ji fa! Mutumin da ya gina gida, ya yi suna, ya yi tumbi a kan cewa abin da ya sami ɓera yana iya samun mutum. A takarda ɓera ɗan'uwanmu ne, a teburin gidansa kuwa ba mu haɗa komai ba. Na faɗa masa haka, ban rage ba. Mama ta harare ni ta ce ba a yi wa babba gardama a gidansa, kuma wa ya kai shi sanin waɗannan abubuwa. Yaya ta koma ta zauna a hankali, ta ce mu bar maganar, ba komai. Wannan ba komai ɗin ya fi dariyarsa ƙona min rai.

Na sa shi a gaba. In kira shi a waya, in tare shi a matakala, in tsaya a ƙofar ofishinsa har sakatariyarsa ta fara ɓoye min ido. Da ya ga ba zan bar shi ya sha ruwa ba, sai ga shi wata safiya ya sauko ɗakina da ɗalibansa a bayansa, don a sami shaidu. Ya ce to, ya kai ta an ɗebi jinin, abokinsa ya bugo masa waya ya ce komai daidai, sai in kwantar da hankalina in koma kan karnuka da kyanwoyi.

Wallahi na ji sanyi a raina, har na fara yi wa Allah godiya. Sai wani abu ya ce min in tambaya. Na ce yaushe aka ɗebi jinin.

Ya gyara wuyan riga, ya dubi ɗaliban. "Jiya, rana na gab da faɗuwa, daidai lokacin da yake ƙololuwa. Ni za ki koya wa lokacin ɗibar jini?"

Ɓeraye suna ta tsotsar ruwa a kejunansu.

Na ce, "Farfesa, Yaya da dare take kiwo?"

Bai gane ba da farko, sai da na warware masa kamar ɗan aji ɗaya. Mutum da safe yake tashi, da safe ɗan agajinsa yake sama. Da yamma na kowa ƙasa yake, mai lafiya da mara lafiya, kuma masu awo da ma'aunin yamma za su gwada shi su ce daidai ne. Da bakinsa ya gaya min mutum ba ɓera ba ne, sannan ya ɗauki matar aurensa ya auna ta da agogon ɓera. Shekarun da ya yi yana kallon keji sun cinye masa sanin lokacin da 'yan Adam ke farkawa, har da wadda yake kwana ɗaki ɗaya da ita.

Na ga lokacin da abin ya shige shi, kunnuwansa suka motsa. Mutumin kirki a nan zai ce innalillahi, ya nemi makullin mota. Shi kuwa sai ya sha mur, ya ce bambancin ba wani mai yawa ba ne, ya ce likita ya riga ya ce daidai, ya ce ranar aiki ba za ta ɗaga ba domin taron ba zai jira shi ba. Ya kora ɗalibansa suka hau sama. Abin da ya dame shi an ji, ba abin da aka ji ba.

Kashegari da sassafe na laɓe a mota a bakin layinsu har na ga ya fita yawon motsa jikinsa, da farin takalmi da ƙaramin tawul a wuya, yana kula da lafiyarsa. Na shiga na tarar da Yaya a bakin gado, ta sa takalmi ƙafa ɗaya ta gaji. Na ce ta tashi mu je asibiti. Ta ce me zai ce idan ya dawo. Na ce ya faɗi abin da ya ga dama. Ba ta yarda ba, ba ta kuma ƙi ba, ƙarfin ƙin ne babu. Na sa mata ɗayan takalmin, na rungumo ta zuwa mota, ba nauyi ko kaɗan. Na yi kuka a hanya, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Ban bi ta kan abokin ƙwallon tebur ba. Na nemi likitar da za ta sa ta barci ranar aikin, wata doguwar mata mara yawan magana. Ta tambayi sunan ƙwayoyin da tsawon lokacin, ta ɗaga gira, ta sa aka ɗebi jini nan take. Daga baya suka yi mata wata allura da ke zungurar ƙullin don a ga ko zai farka, suka sake ɗiba. Ko gezau bai yi ba. Likitar ta kira ni gefe, ta cire tabarau.

"Da na sa ta barci a haka, ban san ko zan iya tashinta ba."

Aka ɗaga aikin. Aka ɗora ta a kan wasu 'yan ƙwayoyi da ke maye gurbin ɗan agaji, aka fara janye mata mofin kaɗan-kaɗan, ta sha wuya ba kaɗan ba. Farfesa ya yi fushin an shiga gidansa ba izini, ya kai ƙarata wurin Mama, sannan ya hau jirginsa ranar da ya tsara. Na ga bidiyon jawabin. Bayan ya gama da ɓeraye sai ya sassauta murya, ya dafa ƙirji, ya ce akwai wata baiwar Allah da ya daɗe yana lura da ita, wadda idon mai bincike ya hango mata haɗari ana gab da yi mata tiyata. Aka tashi tsaye ana tafa masa. Na yi tsaki har sai da mai shara ta leƙo.

Da jikinta ya yi ƙwari aka yi aikin, da allurar ɗan agaji a jijiyarta tun daga farko har ƙarshe. Ta farka. Ina riƙe da hannunta ta buɗe ido, ta ce min bakina yana warin albasa, in matsa. Ban taɓa jin zagi mai daɗinsa ba.

Daga nan abubuwa suka fara dawowa. Ta fara cinye abincinta ta nemi ƙari. Ta fara takawa da sanda. Mai gyaran famfo ya yi mata aikin banza ta sa shi ya kwance ya sake tana tsaye a kansa. Ba a jima ba sai ga Shehin Ɓeraye a ɗakina, shi kaɗai wannan karon, har da rufe ƙofa. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai a matsayinmu na masana, ko ban ga kamar ƙwayoyin nan sun yi mata yawa ba. Wai ta zama mai faɗa, ba a yi mata magana ɗaya ba ta mayar da uku, ko za a ɗan rage. Yana son a rage wa matarsa abin da ke riƙe da ranta don ya sha shayi cikin kwanciyar hankali. Na ce masa ya je ya faɗa wa doguwar likitar haka da bakinsa, in kuma ya je ya kira ni in zo kallo. Bai je ba.

Ranar wata Asabar Mama ta kira ni hankali a tashe. Ta ce yayarki ta tayar da gidan, wani ya tura mata bidiyon nan, maza ki je ki ba ta haƙuri. Na tafi, amma ba da niyyar ba da komai ba.

Tun daga bakin ƙofar gida na jiyo muryar. Ita ce, wadda ta tsayar da motar haya, ba ta rage ko ɗigo ba. Na tsaya a tsakar gida ina saurare, ƙwalla na zubo min. Tana zaune a falo, sanda a hannu tana buga ta a ƙasa, shi kuma yana raɓe a bakin baranda da jarida a hannu kamar baƙo. Tana tambayarsa wace baiwar Allah ce wannan da ya daɗe yana lura da ita, ta zo ta gan ta, domin ita dai a gidan nan ta sha faɗuwa a banɗaki yana ɗaki yana gyara jawabi.

Ta hango ni ina murmushi. Sandar ta juyo kaina.

"Ke kuma dariyar me kike? Kullum safiya kina ɗaga ɓeraye kina auna su, kina duba gashinsu, wanda bai ci ba ki san shi. Ni na zube a gabanki shekara nawa? Sai da suka mutu kika ɗago kai kika gan ni. Dukanku kun ji daɗina da na yi shiru, har Mama."

Na ja kujera na zauna kusa da ita inda sandar za ta same ni in ta so. Ta yi ta yi, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, numfashinta bai yanke ba, hannunta bai yi rawa ba. Can ta tsaya, ta ɗaga tulun gilashin nan cike da ruwa da hannu ɗaya, ta zuba wa kanta ta sha.

Farfesa ya lallaɓo bayana, ya sunkuyo yana raɗa. "Kin gani ko? Kin ga abin da kuka jawo? Da ba haka take ba."

Na ce, "Haka ka aure ta."

Yaya ta ajiye kofin, ta ce ya daina raɗa ya dawo ya zauna, ba ta gama da shi ba.